Wai Ciwon Kaji Ne, Ba Shi Da Magani!

Don Allah, don Annabi, kada wani ya sake tsayawa gabana ya ɗaga kafaɗa ya ce mini "ciwon kaji na, ba a yi mishi komi." Na ƙoshi da wannan magana. Ana faɗinta a Ibohamane, ana faɗinta a kasuwar Keita, ka gangara Buza ko Madawa ita ce dai, da murya iri ɗaya, da fuskar nan ta wanda ya sallama tun ba a fara ba. Kaza ta kwanta kwana 21 a kan ƙwai, ta rame ta ƙanjame, ta ƙyanƙyashe goma ko goma sha biyu. Mai ita ta yi faɗa da shirwa, ta yi faɗa da muzuru, ta tura yaro daji ya tono musu gara, ta rage dusar akuya ta ba su. Sun yi wata guda, gashin fiffike ya fito, har an fara lissafin wanda za a sayar da kaka da wanda za a bari ya zama zakaran gida. Sai ruwa ya zauna. Kwana uku, huɗu, ka leƙa akurki, saura biyu. A ɗauki sauran ta ƙafa a wurga bayan darni, a ce ciwon kaji ne. Shi ke nan, an rufe shari'a.

Wane ciwon kajin? Tambayar da ba a so ke nan. Mun kwashi cututtuka uku ko huɗu mun zuba a buhu ɗaya mun ɗaure baki. Akwai annobar hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasul, mai share gida kakaf, babba da yaro, kashi kore, wuya ya murɗe. Wannan kam in ta shigo ba ta da magani, sai rigakafi tun kafin ta zo. Akwai Gumboro mai farin zawo, ita ma ba ta jin magani. Akwai murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a 2006 ta tayar wa ƙasa hankali. Wanda nake magana a kansa ba ya cikinsu. Shi na damina ne, ko duk inda ƙasa ba ta bushewa. Ƙanana yake bi, musamman 'yan sati 3 zuwa 6, ya bar uwar tana yawonta lafiya lau tana ƙwala kiran 'ya'yan da ba za su amsa ba. Masana na ce masa koksidiyosis. Mu kashin jini muke gani. Kuma yana da magani, yana da shi tun ba a haifi yawancinmu ba. Magungunan sulfa tun shekarun 1940 ake ba kaji su saboda shi. Amprolium kuwa ya shigo kasuwa a 1960, shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai. Sa'an ƙasar nan ne. Har yau bai iso akurkin innata ba.

Duk wadda ta taɓa riƙe kaji ta san kamannin ciwon, ko ba ta san sunansa ba. Tsakon da jiya yake tsalle yana ƙwace tsutsa a bakin ɗan'uwansa, yau ya tsaya wuri ɗaya. Ya dunƙule, ya cusa wuya cikin kafaɗa, gashi ya tashi buzu-buzu, fikafikai sun zubo har suna jan ƙasa, ido a lumshe. Rana na dukan kowa, shi yana raɓar gindin murhu yana neman ɗumi. Ka watsa hatsi, 'yan'uwansa su ruga, shi ya yi taku biyu ya tsaya. Ɗaga shi ka ji. Ba nauyi, ƙashin ƙirji ya fito, baki da ƙafa sun koɗe saboda jini ya ƙare, gindi ya dame da kashi. Sa'an nan ka duba inda suka kwana. Ga shi nan ja, wani lokaci jini tsantsa, wani lokaci haɗe da yauƙi. Ba kowane iri ne ke zuwa da jini ba, akwai wanda zawo ne kawai da rama, amma mai jinin shi ne mai saurin kisa. In kana da ƙarfin zuciya, farke cikin wanda ya mutu. Can wajen ƙarshen hanji akwai 'yan jakunkuna biyu dogaye, duk matar da ke gyaran kaza ta san su. Za ka tarar sun kumbura, sun yi baƙi-baƙi, cike da jini ko gudajinsa. Ba iska ba ce, ba kambun baka ba ne, kuma ba maƙwabciya ce ta zuba musu wani abu ba, balle a ɗauki gaba har kaka.

Mai wannan aika-aika wata 'yar mitsitsiyar halitta ce da ido ba ya gani, Eimeria, dangi ɗaya da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Iri bakwai ne sanannu a kaji, kowace da yankin hanjin da take ci, kuma wani masani Ba'amurke, Ernest Tyzzer na jami'ar Harvard, ya fara rarrabe su tun 1929. Ƙwanta yana fita ne cikin kashin kaza. Sa'ad da ya faɗo ƙasa ɗanye ne, ba ya kama kowa, sai ya samu danshi da ɗumi da iska kwana ɗaya ko biyu kafin ya nuna. Tsako ya zo yana tsattsage-tsattsagensa ya haɗiye shi, ƙundu ya murƙushe ɓawon, 'ya'ya takwas su fito daga ƙwai ɗaya, su shige bangon hanji, su hayayyafa, su fasa shi, su sake shiga, su sake fasawa, har daga ƙwai ɗaya a samu dubban ɗaruruwa. A wajen kwana na huɗu zuwa na biyar jini ke ɓallewa, mutuwa kuma ta fi yawa a na biyar da na shida. Ke nan ranar da kika ga ja a ƙasa, ɓarna ta yi kwana huɗu tana gudana a ɓoye, abin da ya rage miki kwana ɗaya ne ko biyu. Ba sati ba. Ba "bari ranar kasuwa ta zo" ba.

Mu kuma me muke yi da kwana biyun nan? Ranar farko kallo. Ta biyu a jiƙa ɓawon maɗaci, a daka barkono, a fasa gautan kura, a zuba a kasko. Ban raina maɗaci ba, kakanninmu ba wawaye ba ne, da abin da ke hannunsu suka yi. Amma tsakon da hanjinsa ke tsiyayar jini, ka ba shi barkono? Kai in atini ya kama ka barkono kake sha? Ruwa ya yi ɗaci, ya ƙi sha, ƙishirwa ta ƙarasa abin da cuta ta fara. Sai a rana ta uku, da aka ga abin ya ci tura, a tashi neman mai magani.

A nan ne raina ya fi ɓaci. Na tsaya kusa da wata innata a kasuwa, gaban wani mai tallar magani, irin masu shimfiɗa leda a ƙasa su jera kwalaye, rana na gasa su tun hantsi har la'asar. Ta ce, "Ɗana, ɗiyan kajina na kashin jini, mi za ni ba su?" Bai tambaye ta kwanansu nawa ba. Bai tambayi su nawa ne ba. Bai tambayi ko uwar ma ta kwanta ba. Hannu kawai ya miƙa ya ɓallo kafso biyu, ja da rawaya. "Inna, buɗe ki zuba musu ga ruwa, ki ƙara rabin farasitamol. Yanzu su tashi." Kafson nan shi ya ba mai ciwon ciki da safe, shi zai ba mai gyambo da azahar, in jaki ya zo da kansa ma shi zai ba shi. Na ce, "Malam, kana da amprolium?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wanga ya fi shi ƙarfi." Ya fi shi ƙarfi! Bai taɓa jin sunan ba, amma ya san nasa ya fi ƙarfi.

Ja da rawayan nan tetirasaikilin ne, don bakteriya aka yi shi, ba don wannan halitta ba. In ma ya taɓa ta, shafa ce. Abin da yake yi da gaske shi ne, kullum muna zuba shi a kasko ba awo ba ƙa'ida, ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi, ranar da yaron gidan zai buƙace shi ya ƙi ci. Kuma ka san abin da ke riƙe kasuwar mai leda? Ciwon nan yana da iyaka, in ya gama zagayensa a ciki, tsakon da bai haɗiyi da yawa ba yakan tashi da kansa. Biyun da suka rage da ma masu tashi ne. Sai a ce kafso ya yi aiki, a koma baɗi a sake saya, har a yi wa maƙwabta kwatancen wurin. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Maganin gaskiya ba asiri ba ne, ba kuma sai an je Yamai ba, ana samunsa a shagunan maganin dabbobi. Amprolium gari ne ko ruwa, ana zuba shi a ruwan sha kwana 5 zuwa 7, kuma shi ya fi sauƙin haɗari a hannun wanda bai ƙware ba. Shigar burtu yake yi wa halittar: kamarsa ɗaya da bitamin B1 da take rayuwa a kansa, ta ɗauke shi a maimakon bitamin, yunwa ta kashe ta. To ji abin dariya. Mai shago ya sayar maka da amprolium, ya ɗora maka ledar bitamin a kai, wai ka haɗa "don su yi ƙarfi." Ka haɗa, ka mayar wa cuta abincin da ka ƙwace mata, ka biya kuɗi sau biyu don ka warware aikin da ka saya. Duk bitamin mai B a ciki sai an gama magani. In akwai masu amfani a tsakiyar ciwo, K ne mai taimakon tsayar da jini, da A. Akwai kuma dangin sulfa, irin su sulfadimidin da sulfakinoksalin, yawanci a sha kwana 3, a huta 2, a sake 3. Suna aiki, amma ba a yi musu shisshigi: ka zarce awo, ko ka ce bari in ja shi sati biyu don su warke sarai, ƙoda ta lalace, jinin da kake son tsayarwa ya ƙaru. Sai toltrazuril, wanda aka fi sani da Baycox, kwana 2 kawai, mai kama halittar a kowane matakin zamanta cikin hanji. Tsada gare shi, kuma ba a ba kazar da ake cin ƙwanta.

Yanzu ga inda nake rasa ta cewa. Je ka sayi ledar amprolium. Gram 100 ce, an yi ta ne don mai gidan gona da ke da kaji dubu a bayan Kano ko Ibadan. In mai ƙarfin kashi 20 cikin 100 ce, awon magani yana tsakanin rabin gram da 'yan kai zuwa gram ɗaya da 'yan kai a kowace litar ruwa, wato leda ɗaya za ta haɗa lita 80 zuwa 160. Innata 'yan tsaki tara gare ta. Su taran ba sa shanye lita ɗaya a yini. Ledar da za ta ishi unguwa guda ake so ta saya ita kaɗai, ta biya kuɗinta duka, a watan da rumbu ya yi ƙasa. To ta daure ta saya. Da me za ta auna rabin gram? Da tiya? Da ludayi? Rubutun bayan ledar ƙanana mitsi-mitsi, da Faransanci in ta Yamai ta biyo, da Ingilishi in ta Illela da Konni ta shigo, ba ko kalma ɗaya ta Hausa, ba boko ba ajami, ba ko zanen cokali. Sai ta yi abin da kowa zai yi, ta auna da ido. Yau ɗan tsunkule, bai isa ba. Gobe tsoro ya kama ta, ta antaya. Jibi ta ga sun ɗan warware, ta daina, ta ƙulle ledar ta soke a rufin ɗaki don baɗi, danshi ya daskarar da ita. Sa'an nan a zauna a ɗakin taro mai sanyi a ce matan karkara ba sa bin ƙa'ida. Wace ƙa'idar aka gaya musu suka ƙi bi?

Alhali lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Ƙaramin cokalin shayi a shafe yana ɗaukar wajen gram 3 na garin. Gorar ruwan nan ta lita ɗaya da rabi, a cika ta sau biyu, lita 3 ke nan, cokali ɗaya a shafe. Mata uku su raba, gobe a haɗa sabo, don ba a kwana da shi. Wannan ga mai kashi 20 ne kaɗai, ƙarfin ledoji ya bambanta, shi ya sa dole mai sayarwa ya karanta ya faɗa. Aikinsa ne, ba alfarma ba ce.

Tambayar da kowace mai kaji ke yi ita ce, "Za su tashi?" Amsar tana bakin tsakon. Wanda har yanzu yake takawa zuwa kasko ya sha da kansa, in aka fara magani a ranar, yawanci yana tashi, cikin kwana biyu za ki ga jini ya ragu, ya fara waiwayen hatsi. Wanda ya daina sha, maganin da ke cikin kasko bai tsinana masa komai ba, sai an ɗauke shi an ɗiga masa a gefen baki, ɗigo-ɗigo, sau da yawa a yini, a bar shi ya haɗiye da kansa, kada a ɗura ya shaƙe. Irin wannan wani ya tashi, wani ya tafi. Wanda kuwa ya kwanta ta gefe, ƙafa a miƙe, jiki ya yi sanyi, kada in yi miki ƙarya, da wuya. Magani halittar yake kashewa. Ba ya mayar da jinin da ya zuba, ba ya ɗinke hanjin da ya yage. Shi ya sa waɗanda ake ceto da gaske su ne waɗanda ba su nuna komai ba tukuna, masu tsalle, waɗanda ake cewa lafiyarsu ƙalau. Ƙasa ɗaya suka tsattsaga, kasko ɗaya suka sha, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kowa a ba shi. Kuma ba a haɗa magani a kasko a sake su su bi uwarsu, su sha a kwatami, su sha a gindin randa, su sha a sawun saniya. Me zai kai su ga ruwa mai ɗanɗanon magani? Kwanakin magani a kife su ƙarƙashin akurki ko babban kwando, ba wani ruwa sai shi, kullum a ja su zuwa busasshen wuri.

Wanda ya tashi ya samu garkuwa daga irin da ya kama shi, ba daga sauran ba, wani kuma ya tsumbure, sa'o'insa su wuce shi su bar shi yana ci ba ya girma. Uwar ma haka ta samu tata garkuwar, ta haɗiyi kaɗan-kaɗan tana ƙarama jikinta ya saba. Ita ce kuma ke zubar da ƙwan cutar a tsakar gida tana tafiyarta a tsaye. Ba za a raba kaza da wannan halitta ba har abada. Yawanta ne ke kisa.

Nan kuma dole mu juyo kanmu, don ba duka laifin mai leda ba ne. Ku dubi inda muke ajiye ruwan kaji. Tsohon kasko ko fasasshiyar tukunya, an binne rabi a ƙasa, a inuwa, kusa da randa ko bakin rariya, wurin da bai taɓa bushewa ba tun ranar da aka tare a gidan. Tsako ya shiga da ƙafa, ya yi kashi a ciki, ya juyo ya sha. Ba a wankewa, ƙari kawai ake yi. Akurki yana wuri ɗaya tun bara, kashin bara na ƙarƙashin na bana. Ƙwan cutar nan yana iya yin watanni da rai a ƙasa mai danshi da inuwa, ruwan jabel ma bai cika yi masa komai ba. Abin da yake tsoro biyu ne, zafi da bushewa. Zafi da bushewa! A Adar! Ƙasar da rana ke fasa dutse, ƙasar da muke kukan fari shekara da shekaru, muna roƙon madatsar Ibohamane ta riƙe mana ruwa har rani, amma mun samu dabarar ƙera 'yar fadama taku biyu a tsakar gida mun ajiye wa cuta. Tunda ƙwan sai ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya nuna, wadda ta share kashin kullum da safe ta kwashe shi yana ɗanye, bai kama kowa ba. Tsintsiya. Busasshen rairayi. Tafasasshen ruwa a wanke kasko, a ɗora shi bisa dutse yadda ƙafa ba ta shiga, dutse kam ba mu da ƙarancinsa. Duk wannan ba ya cin ko dala. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa, mu kuma ya sa muna zubar da kajin.

Amma in ana son gaskiya tsirararta, abin da ya sa ba a damu ba shi ne kaji na mata ne. Bari saniya ta ƙi kiwo da safe ka ga aiki. Maigida zai ari babur, ya nemo malamin dabbobi ko daga Keita ne, ya biya mai, ya biya allura, ya tsaya a kanta yana salati. Rago ya yi tari ana saura wata guda Layya, gidan ba mai barci. 'Yan tsaki tara su mutu, ya ce "to, Allah ya mayar da alheri," ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Shi ne kuma in baƙo ya sauka zai leƙo ya ce, "Ke, a kama zakara guda." Daga ina zakaran zai fito? Daga bayan darni? A ƙasar da samari da magidanta ke tafiya bida, wasu Abija, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu Najeriya, a bar mace da yara da tsofaffi wata da watanni tana jiran saƙo, kaza ce kuɗin da ke kusa. Ita ce sabulu, ita ce gishiri, ita ce gudummawar biki, ita ce kuɗin mota zuwa likita in zazzaɓi ya kama yaro. Zazzaɓin kuma da kashin jinin lokaci ɗaya suke sauka, Agusta, tsakiyar marka. Zabi ma da damina suke ƙwai, a sa wa kaza ta ƙyanƙyashe, 'yan zabin da tasu irin cutar, su ma a kwashe a zubar. Duk wannan asara ba ta da littafin da ake rubuta ta.

Kuma kada a gaya mini matan nan ba za su iya ba. Daga 1984, da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, su wa suka ɗauki duwatsu a ka suka jera bisa tuddai, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka dasa itatuwa? Yawancinsu mata ne, ana biyansu da abinci. Duniya ta zo ta ɗauki hotonsu. Matan da suka tsayar da ruwa bisa dutse, su ne za a ce cokali ɗaya a lita uku ya fi ƙarfin kansu? Ba a gaya musu ba ne, kurum.

Kowace shekara gwamnati na fitowa da gangamin rigakafin dabbobi, shanu, tumaki, awaki, raƙuma, da jawabi da 'yan jarida. Madalla, ba na hassada da saniya. Muna da LABOCEL a Yamai mai yin alluran rigakafi, akwai tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da jama'a, da mataimakansu a ƙauyuka, kuma inda yake aiki yana aiki. Amma in an tuna da kaza, to ko dai maganar Niyukasul ce, ko murar tsuntsaye ta ɓulla, don ita tana iya tsallaka teku. Ranar nan za ka ga motoci da fararen riguna da takunkumi. Cutar da ba ta kama mutum, ba ta rufe iyaka, ba ta hana fatauci, tana dai cin 'yan tsakin talaka a ɓoye duk damina, wa zai kira taro a kanta?

Masu kuɗin duniya kam ba su raina ta ba. A 2020 wasu masu bincike, bisa jagorancin kwalejin likitancin dabbobi ta Landan, sun ƙiyasta tana ci wa masu kiwon kaji na duniya sama da fam biliyan 10 na Ingila a shekara. Shi ya sa a manyan gidajen gona ake sa maganinta cikin abinci tun ranar farko, har rigakafinta akwai, tun shekarun 1950 a Amurka. Sai ka ga wata ƙungiya ta sayo 'yan tsakin irin waɗannan gidaje, waɗanda aka tsara renonsu da abinci mai magani a busasshen ɗaki, ta raba wa mata a ƙauye da sunan yaƙi da talauci. A yi hoto da kwali a hannu, a tafa, mota ta tashi. Ba leda ɗaya ta magani, ba bayani. A rahoto a rubuta "an raba." An raba kam. Wa ya dawo bayan sati huɗu ya ƙirga?

Abin da nake nema bai kai a kama otal a Tawa a yi taron kwana uku a kansa ba. Rediyon karkara ta ba shi minti biyar a watan Yuni da Yuli, a faɗi alamomi, a faɗi sunan magani, a faɗi awo, da Hausa da Buzanci. Mataimakin malamin dabbobi ya buɗe leda ɗaya ya auna ya ƙulla ta ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli na gora ɗaya, a ajiye a hannun uwar adashi tun ruwa bai zauna ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ranka ya daɗe magajin gari, wannan ma sai an jira Turawa? Mun iya ƙulla sukari, mun iya ƙulla omo, mun iya ƙulla taba. Tiramol, da aka hana sayarwa barkatai, ya san hanyar kowane ƙauye da kowace tasha, ba ya ɓata ko da daddare. A ce amprolium ne hanya ta gagara?

Ke kuma Inna, in kin sake zuwa gaban mai leda ya miƙo miki ja da rawaya, ki ce ya juya kwalin ya nuna miki inda aka zana kaza. Ya karanta miki sunan maganin. Ya faɗi cokali nawa, a lita nawa, kwana nawa. In ya fara "wanga ya fi ƙarfi," ki karɓi kuɗinki, ki bar masa ya sha.